Daga Makuba Zuwa Fentin Roba: Malala da Nunar Shafe a Ƙasar Daura



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wani ƙaramin al'amari wanda kowa yake gani kullum, amma ba kasafai ake tsayawa a tambayi dalilinsa ba. Me ya sa makubar da aka shafa wa katangar ƙasa takan ci damina guda ko biyu tana nan daram, alhali kuwa fentin kanti mai tsada da aka fesa wa murfin babur yakan soma ɓarewa kamar ɓawon albasa tun kafin a cire amfanin gona? Mai yiwuwa wani ya ce ai wannan magana ce ta masana kimiyya, babu ruwan sashen Hausa da ita. To, amma fa za a ga cewa rabin matsalar a baki take. Kalma ɗaya ce, watau "bushewa", aka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinta, ga shi kuwa harshen yana da kalmomin da za su raba mata nauyin.

Shafe Kafin Zuwan Fenti

Ƙasar Daura, watau Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, ƙasa ce ta ginin tubali da yaɓe. Duk wanda ya dubi tsofaffin sassan fadar Sarkin Daura, ko zaurukan da suka rage a cikin birni wajen rijiyar Kusugu, ya san cewa ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da riga. Rigar nan kuwa iri biyu magina suka fi sani, makuba da laso.

Makuba daga ɗorawa take fitowa. Bayan an cire garin an sha, an ware ƙwallon domin daddawa, sai kwasfar ta rage. Ita ake dakawa a jiƙa, ko a tafasa, har ruwan ya yi ja-ja mai duhu. Da wannan ruwa ake kwaɓa ƙasar yaɓe, da shi kuma ake yayyafa wa daɓe bayan mata sun gama bugunsa da madaɓi suna waƙoƙinsu. A cikin kwasfar akwai sinadari mai bauri, ɗan'uwan wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita. Shi ne yake shiga tsakanin ƙwayoyin ƙasa ya ɗaure su, fuskar bango ta yi duhu ta yi ƙarfi, ruwa ya riƙa zamewa a kanta.

Laso kuwa ɗan marina ne. Katsin da ya kwanta a gindin rijiyar rini ake kwashewa a shanya, a ƙone, a dake, sa'an nan a haɗa shi da gashin jima da ruwan dafara mai yauƙi. Da shi ake shafe rufin soro da bakin indararo, da shi kuma ake shafe cikin ita rijiyar rinin kanta, wadda ruwa ba ya rabuwa da ita shekara da shekaru. Abin lura a nan shi ne, laso ba ya komawa katsi in ruwa ya taɓa shi. Magini ba ya cewa laso ya bushe kurum. Cewa yake ya kama.

Akwai abu ɗaya da ya sauƙaƙa wa magabata wannan aiki, wanda su kansu ba su da dalilin lura da shi. Duk abin da suka shafa wa wani abu, mai shan ruwa ne. Bango yana sha, ƙwarya tana sha, fata tana sha, allo yana sha. Shafen yakan nutsa cikin ƙofofin jikin abin, ya yi saiwa a ciki. Saboda haka tambayar ko zai manne ba ta taso ba sam.

Zuwan Roba

Abin da Bahaushe yake kira roba a yau ba abu ɗaya ba ne, dangi ne babba. A 1907 Leo Baekeland ya haɗa ta farko a Amurka. A 1933 aka gano foliyetilin a ɗakin binciken kamfanin ICI a Ingila, ita ce ta leda da jarka. A 1954 Giulio Natta ya fito da folifurofilin a Italiya, ita ce ta kujerun biki da bokitai da yawa da bambar mota. Akwai kuma wadda ake yi wa laƙabi da ABS, mai tauri da ƙyalli, wadda aka fi yin murafun babur da ita. A Nijeriya masana'antar Eleme kusa da Fatakwal, wadda kamfanin Indorama ya saya a 2006, tana samar da ƙwayoyin foliyetilin da folifurofilin, masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano kuwa suna narka irin waɗannan ƙwayoyi su tura su cikin mazubin ƙarfe da ƙarfin inji, su fito buta ko bokiti ko faranti. Daga nan kayan suke bin hanyar Kazaure su iso Daura, su cika kasuwar Mai'aduwa, wasu su ƙetare ta Kongwalam zuwa Damagaram.

Ya kamata a kau da wani ruɗani tun da wuri. Launin da ke jikin buta, har da zanen nan mai ratsi-ratsi, ba fenti ba ne. A cikin narkakkiyar robar aka zuba launin tun kafin ta shiga mazubi, shi ya sa ko an kankare ta da wuƙa launin yana nan. Masu masana'anta sun zaɓi wannan hanya ne don ta fi arha, kuma don sun san wahalar da ke cikin ɗayar. Wanda wahalar ta faɗa wa shi ne mai fenti na bakin titi, wanda aka kawo wa bambar mota da ta goge, ko murfin babur da rana ta cinye, aka ce ya mayar da shi sabo.

Matsalarsa ta farko ita ce roba ba ta sha. Ba ma wannan kaɗai ba, wasu robobin ƙin ruwa suke yi. Wanda ya taɓa ganin raɓa a kan ganyen gwaza ya ga abin: ɗigon yakan dunƙule ya tsaya kamar dutsen ado, ba ya bajewa. Dalili kuwa shi ne fuskar kowane ruwa tana da wani ɗauri da ke jan ta ta tattare, kowane sandararren abu kuma yana da nasa ƙarfin jawo ruwa ya shimfiɗu a kansa. A ma'aunin da masana ke amfani da shi, ɗaurin ruwan sha 72 ne, ƙarfin jan foliyetilin da folifurofilin kuwa bai wuce 30 ko 31 ba. Kafin fenti ya kama da kyau ana bukatar a ɗaga wannan adadi zuwa 38 ko fiye. A masana'antu ana yin haka ta hanyar gilma harshen wuta a kan fuskar robar cikin ƙiftawar ido, ko ta hanyar tartsatsin lantarki, dabarar da wani injiniya ɗan ƙasar Danmak, Verner Eisby, ya ƙirƙiro a 1951. Wutar ba narka robar take yi ba. Fatar sama kawai take sauyawa, ta sa iskar shaƙa ta maƙale a jikinta, fenti ya sami abin riƙewa. Inda babu waɗannan na'urori, akwai wani siririn shafen share fage da ake yi musamman domin folifurofilin, wanda ake fesawa kafin komai.

Daɗin daɗawa, sabon kayan roba yakan fito daga mazubi da wani maiƙo a jikinsa, wanda aka shafa don kada ya liƙe wa ƙarfen. Ido ba ya ganinsa. In ba a wanke shi da sabulu da ruwan ɗumi ba, fenti yakan gudu daga wurin ya bar 'yan ramuka zagayayyu, waɗanda masu sana'ar ke kamantawa da idon kifi.

Ta yaya mai fenti zai san da wace roba yake hulɗa? Yawancin sassan mota da babur suna da hatimi a bayansu, PP ko PE ko ABS. In hatimin ya goge, sai a yanki ɗan ƙanƙanin ɓalli daga inda ba a gani a jefa cikin kofin ruwa. Tsantsar folifurofilin da foliyetilin sukan taso sama, ABS kuwa nutsewa take yi. Wannan gwaji na minti ɗaya ya isa ya ceci galan guda na fenti. ABS tana karɓar fenti ba gardama, sai dai ita kuma tina mai zafi tana cin ta, har ta tsattsage. Kowace da halinta.

Malala

A ɗauka an shawo kan mannewa. Saura yadda fentin zai kwanta. A nan Hausa ba ta da talauci ko kaɗan. Ruwa yana kwarara, yana malala, yana tsiyaya, yana ɗiga, yana zirara, miyau kuma yana dalala. Mai fenti malala yake so, watau fentin ya baje a hankali ya shafe tabon da feshi ya bari. Zirara yake tsoro, watau ya gangaro ya yi hawaye.

Lokacin da fenti ya fito daga bakin bindigar feshi, ɗigo-ɗigo yake sauka, fuskarsa tudu da kwari. Ɗaurin fuskar nan da aka ambata ɗazu shi ne yake jan tudun ya cike kwarin, kaurin fentin kuma yana turjewa. In tinar da ke ciki ta tsere kafin a gama wannan ja-in-ja, sai fuskar ta daskare da ƙurzunu irin na ɓawon lemo. A farkon shekarun 1960 wani masani mai suna Orchard ya fitar da lissafin wannan al'amari, abin da ya samu kuwa yana da ban mamaki. In aka ninka kaurin shimfiɗar fenti sau biyu, saurin lafawarta ba sau biyu yake ƙaruwa ba, sau takwas ne. Sai mutum ya ce to, ai shi ke nan, a zuba da yawa. Ina! A jikin abin da yake tsaye, yawan fentin da nauyinsa ke ja ƙasa shi ma sau takwas ɗin yake ƙaruwa. Gaba kura, baya sayaki ke nan. Duk ƙwarewar mai feshi a cikin wannan ɗan tsukin take, kuma maganar duka ba ta wuce kauri kamar kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, in an haɗa dukkan shimfiɗun da ke jikin mota.

Kayan roba sun fi farantin ƙarfe wuya ta wannan fuska, domin mazubi yana ba su siffar da maƙeri ba zai iya ba: lungu da saƙo, kaifin baki, rami da ƙusumbi. Fenti yakan janye daga kaifin baki ya bar shi tsirara, ya je ya taru a lungu. Masu haɗa fenti sun nemi mafita ta hanyar sa masa wani hali irin na kindirmo. Kindirmo a ƙwarya tsaye yake, in an sa maburgi sai ya saki ya zama ruwa. Fenti mai kyau ma haka yake: a bakin bindiga ya tsinke, da ya sauka ya ɗan malala na 'yan daƙiƙu, sa'an nan kaurinsa ya dawo kafin ya yi hawaye. Yauƙin dafara a cikin laso aiki mai kama da wannan yake yi, yana riƙe kwaɓin a jikin bango har ya kama. Mai fentin da ya tuttula tina don galan ɗaya ya yi aikin biyu, wannan halin ne yake kashewa, ko ya sani ko bai sani ba.

Bushewa da Nuna

Yanzu aka zo gindin maganar. Hanya biyu ce ruwan shafe ke bi ya zama sandararre, kuma ba su da dangantaka sai a ido.

Ta farko ita ce ta tawadar allo. Ƙaro da baƙi ne a cikin ruwa. Ruwan ya tafi, ƙaron ya rage ya riƙe baƙin. Babu abin da ya sauya a jikin ƙaron, shi ya sa almajiri yake wanke allonsa da ruwa tawadar ta koma yadda take. Fentin mota na da, wanda kamfanin DuPont ya fito da shi a shekarun 1920 da sunan Duco, na wannan gida ne, haka ma yawancin fentin gwangwanin feshi. Tina ta fita, ya bushe. Tina ta dawo, ko fetur ya zuba a kai, ya narke.

Ta biyu ita ce ta dafaffen ƙwai da siminti da laso. A nan ƙwayoyin abin ne suke kama hannun juna ta kowace fuska, su zama saƙa guda kamar taru, wadda ba ta warwaruwa. Fenti mai haɗi biyu, wanda ake zuba masa maganin tauri kafin a fesa, na wannan gida ne. Asalinsa binciken Otto Bayer ne a Jamus a 1937. Wannan ba bushewa ba ce, domin ko ba a bar komai ya fita ba sai ya sandare. Wanda ya bar ragowar haɗin a cikin bindiga ya kwana ya san haka. Kalmar da ta dace da shi ita ce nuna. Tuwo yana nuna, mangwaro yana nuna, tukunya tana nuna a wuta, kuma babu ɗayansu da ke komawa ɗanye. Saboda haka ana ba da shawarar a riƙa cewa fenti ya sha iska in ƙura ta daina kama shi, ya bushe in tinarsa ta fita, ya nuna in saƙar ta kammala. Tsakanin na farko da na ƙarshe, a zafin ɗaki, akwai kamar mako guda.

A cikin wannan mako ake yin ɓarna. Mai babur ya zo da yamma, ya taɓa da yatsa, ya ji ba danshi, ya ce ya bushe. Mai fenti ma ya ce ya bushe. Dukansu gaskiya suka faɗa, kalmar ce ba ta isa ba. Gobe a wanke da omo, jibi fetur ya ɗiga, a ɗaure kaya da igiyar roba a kai, wata ɗaya bai cika ba an dawo ana cacar baki, ana zargin mai fenti da ha'inci ko mai kanti da sayar da jabu. Da a ce akwai kalmar da za a ce wa mai babur "ya bushe amma bai nuna ba", da ya fahimta nan take, domin ba ya cin ɗanyen tuwo.

Zafi yana gaggauta nuna. Ƙa'idar da aka saba ita ce ƙarin digiri 10 yakan ninka saurin kusan sau biyu. Shi ya sa a masana'antar haɗa motoci, irin ta Peugeot da aka buɗe a Kaduna a 1975, gangar jikin ƙarfe takan shiga tanda mai zafin digiri 140 ko fiye. Roba ba ta jure wannan. ABS takan soma laushi a wajen digiri 100, folifurofilin takan narke a wajen 160 amma tana lanƙwashewa tun kafin nan. Don haka sassan roba daban ake gasa su, a wajen digiri 80, da fentin da aka haɗa domin ya nuna a ƙaramin zafi. Wannan ne ma ya sa wani lokaci launin bamba yakan ɗan saɓa da na sauran jikin mota tun tana sabuwa. Bugu da ƙari, roba tana miƙewa da zafi ta tsuke da sanyi ninki biyar ko fiye bisa ga ƙarfe, tana kuma lanƙwasa in an danna ta. Fentin da ya nuna ya yi tauri ƙwarai zai yi kyau a ƙofar mota, amma a bamba sai ya dare. Akwai maganin laushi da ake ƙara masa saboda haka.

Yanayin Daura da Mai Fenti

Umarnin da ke jikin gwangwani an rubuta shi ne bisa zafin digiri 20 zuwa 25 da matsakaiciyar laima. Kwana nawa ne a shekara Daura take haka? A bazara, cikin Afrilu da Mayu, zafi yakan kai digiri 40 a inuwa, baƙar bamba a rana kuwa ta wuce haka nesa. A irin wannan hali tina takan tsere tun fentin yana iska, ya sauka kamar gari. In kuma an shanya shi a rana da wuri, sai sama ta yi fata ta kulle tinar da ke ƙasa, daga baya ta huda ta fito ta bar ƙuraje. Maganin abin shi ne tina mai jinkirin fita, da aikin sassafe, da haƙurin barin kowace shimfiɗa ta sha iska a inuwa.

Hunturu nasa sharrin daban ne. Roba ba ta wuce da lantarki, saboda haka in an goge ta da busasshen tsumma a busasshiyar iska sai ta ɗauki caji, ta riƙa jawo ƙura kamar yadda mayen ƙarfe ke jawo allura. Mai fenti yana goge ƙura, ashe kiran wata yake yi. Tsumma mai ɗan danshi da yayyafa wa ƙasan rumfa ruwa sun fi amfani. Da damina kuwa, cikin Agusta, laima ce abokiyar gaba. Fentin gidan tawada yakan yi hazo fari-fari, na gidan ƙwai kuma maganin taurinsa yana haɗuwa da ruwa ya haifar da iska, ta bar ƙananan huji. Ruwan da ya taru a tankin kwamfuresa in ba a tsiyaye shi kullum ba, ta cikin tiyo yake biyowa ya yi wannan ɓarna ko da rani.

Ba za a wuce wannan wuri ba sai an ambaci lafiya. Maganin taurin nan yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda likitoci suka tabbatar yana cikin manyan abubuwan da ke jawo asma ta wurin sana'a. Ƙyallen da ake ɗaurewa a hanci ba ya tare shi. Yaran da ake turawa su yi feshi a rumfar da ba iska, su ne suke biyan wannan bashi bayan shekaru.

A 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura, a ƙarshen shekarar kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri. Ɗaliban da ke cikinsu za su karanta dukkan abin da aka faɗa a nan da Turanci, da lissafinsa. Amma masu riƙe da bindigar feshi a bakin tasha ba a aji suka koya ba, a wurin maigida suka koya, da Hausa, kuma da Hausa za su koya wa na bayansu. Aikin da ke gaban sassan Hausa da na kimiyya shi ne su zauna da magina da marina da masu fenti, a tattara kalmomin da kowane rukuni yake amfani da su, a tantance wadda ta dace da wane mataki, a buga ɗan littafi mai shafi ashirin ko talatin wanda yaron shago zai iya karantawa. Tsofaffin maginan da suka san yawan dafarar da ake sa wa katsi, da yadda ake gane laso ya kama, ba su da yawa yanzu, don haka da su ya kamata a fara.